Linzamin da Na Ƙi Yankewa

Kwanaki wani matashi mai shagon aski a bakin titin Malumfashi, irin masu kilifa da sola da madubi bango guda, ya tare ni yana dariya, wai in sayar masa da zabirata ya rataye a shago don ado. Ya ce wanzanci ai ba wani abu ba ne, aska ce da ƙarfin hali. Na dube shi sama da ƙasa, na ce Allah ya ba da kasuwa. Ban sayar ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa nake so in ba ku labarin wani aiki guda ɗaya, ku masu ganin sana'ar nan ta fi shan ruwa sauƙi, ku ji abin da ke cikin zabira ban da ƙarfe.

Zabirar ta mahaifina ce, shi ma ta nasa uban ce, fatar ta yi baƙi don shan hannu. A ciki akwai askar kai, da 'yar ƙaramar aska ta tsaga, da ƙaho huɗu, da almakashi, da dutsen washi wanda tsakiyarsa ta lotsa. Yanzu an ƙara mana da reza sabuwa ga kowane mutum, tun da ma'aikatan lafiya suka tara mu suka yi mana bayani, kuma ban yi musu gardama ba, gaskiya suka faɗa. Akwai kuma abu biyu da ba za ka samu a zabirar kowa ba sai tawa: 'yar kwalbar zuma da wata tsohuwar tasa ta ƙarfe. Su ne ma suka fi askar aiki, za ku ji dalili.

Shekara biyu na yi ina aske duma kafin Baba ya bar ni in taɓa kan mutum. Zai shafa wa duman sabulu, ya ce in kankare shi tas ba tare da na karce ba. In ya ga layi ko siriri ne, ranƙwashi. Amma abin da ya fi nanata mini ba riƙon aska ba ne. Cewa yake yi, "Ilu, kar ka yarda da wanda ya zo kiranka. Tun a hanya ya gama yanke hukuncin ciwon, kai askarka kawai yake nema." A lokacin ina ganin tsohon ya cika zargi. Yanzu matata Asabe cewa take yi na fi shi, wai ko sallama aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta.

Cikin ayyukanmu akwai yanke linzami. Wani ɗan tantani ne a ƙarƙashin harshe, kowa yana da shi. A wasu yara kaɗan yakan zo gajere, ya riƙe harshen ƙasa, yaro ya kasa kama nono sosai, in ya girma maganarsa ta riƙa sarƙewa. Wannan akwai shi, na gani da idona. Amma mutanenmu, da zarar yaro ya doshi shekara biyu bai fara zuba surutu ba, sai a ce linzami ne, a kira wanzam. Cikin goma da ake kawo mini, da ƙyar ake samun ɗaya mai linzamin gaske.

Ban san haka ba sai da na sha wuya. Shekarar da Baba ya rasu, ina ji da kaina na gaji zabira, aka kira ni wani ƙauye bayan Kafur, wai yarinya ta shekara biyu da rabi ko "Inna" ba ta cewa. Ubanta ya ce linzami ne, kakarta ta ce linzami ne, ni kuma ban duba komai ba, na ce linzami ne. Na yanka. Jini ya zuba fiye da yadda na zata, bakin ya kumbura, yarinya ta ƙi ci ta ƙi sha har sai da aka kai ta asibiti. Allah ya yi da sauran kwananta. A can ne aka gano ashe yarinyar kurma ce, ba ta taɓa jin maganar kowa ba balle ta maimaita. Na yanka harshen da ba shi da laifin komai. Labari ya zaga, daga farkon damina har aka gama kaka babu wanda ya kira ni ko askin suna, sai ƙwadagon cirar auduga na koma. Ba yunwar ce ta fi damuna ba. Idon yarinyar ne, da take kallona ina washin aska ba ta san abin da ake shirya mata ba, har yau ina ganinsa.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka. Yaron da aka kawo don rashin magana, kafin in zare aska sai na gwada shi da abu uku. Na farko, in ɗiga zuma a leɓensa na sama. In ya zaro harshe ya lashe, babu linzamin da ya riƙe shi. Na biyu, in zaga bayansa in saki tasar nan a ƙasa. In ya zabura ya waiwaya, kunnensa lafiya. In bai waiwaya ba, in ce a kai shi asibiti, ba aikina ba ne. Na uku tambaya ce, kuma ita mutane suka fi jin haushi: da wa yaron nan yake wuni, kuma da wane yare ake yi masa magana?

Wannan ta ukun yawo ne ya koya mini ita. Wanzami babu gidan da ba ya shiga. Na yi aski a rugagen Fulani tsakanin Dayi da Bakori, har na tsinci Fillanci na cin tuwo. Na shiga gidajen Funtua inda uba Bahaushe ne, uwa Bayarbiya, da gidajen malaman makaranta masu yi wa jariri Turanci tun yana goye. Abin da na lura, yaron irin wannan gida a mangala yake ɗaukar maganarsa, rabi nan, rabi can. Abin da yake gani a ɗakin uwa, da yaren uwa yake saninsa. Abin da yake gani a zaure da ƙofar gida, da yaren uba. Wanda ya tsaya gefe ɗaya na jaki sai ya ce kayan ba su da yawa. Ba na cewa duk yaron da ya yi jinkiri haka ne, amma kafin a ce ba shi da magana, a zaga ɗaya gefen a duba.

To, aikin da nake son ba ku labari, a gidan Hajiya Kande ne, a wani gari kusa da Dayi. Gidan manoman masara ne masu rumbuna da yawa, kuma gidanmu ne na gado: kakana ya yi musu aski, Baba ya yi, ni ma duk ɗan da aka haifa a gidan ni na aske masa gashin suna. Mai gidan ya rasu, Hajiya ce ke juya komai. Ɗanta Lawal yana fataucin masara zuwa kudu, sai ya yi mako biyu ba ya gari. Ya auro wata Bafillatana daga ruga, sunanta Biba, aka ba ta sashe can ƙuryar gida wajen turken shanu. Ta haifi ɗa namiji, Sadiku, ɗan fari gare ta, ɗan fari ga Lawal.

Da yaron ya kusa shekara biyu aka yaye shi, aka kai shi ɗakin Hajiya kamar yadda ake yi, aka hana shi ganin uwar don ya manta da nono. Mako uku da yayen, Hajiya ta aiko a kira ni, wai in zo da ƙaramar aska. Da na ji an ambaci aska tun daga saƙo, na ce da walakin.

Na same ta a tsakar gida kan tabarma, yaron na zaune gefenta ya ƙura wa ƙasa ido. Muka gaisa. Ta ce, "Wanzam, angon nan nawa ba shi da baki. Mako uku yana ɗakina, in ban da 'Baba' da 'babur' da 'a'a' ban ji komi ba, sai wani gwalan-gwalan da ba kai ba gindi. Jikar Hajiya Tabawa da aka haife su wata ɗaya har aike ake yi da ita. Linzami ne, ka yanke mashi."

Na ce, "Hajiya, bari in duba tukuna."

Ta ce, "Duba mi? Na haifi tara, ban san linzami ba?"

Na ɗiga zuma a leɓen yaron. Ya zaro harshe har yana neman taɓo hanci, ya lashe tas, ya kuma miƙo baki a ƙara. Na zaga na saki tasa, ya zabura har ya kama zanen Hajiya. Na ce harshe lafiya, kunne lafiya. Sai na yi tambayar ta uku. Hajiya ta taɓe baki ta ce kafin yaye da wa zai wuni in ba uwarsa ba, ita da ba ta fitowa cikin mutane. Daga nan ta sassauta murya, ta ce ita fa ba ta yarda da mutanen nan ba, wa ya san abin da aka ba yaron a ruga lokacin wankan jego, ƙila an ɗaure masa baki ne don kada ya saba da dangin ubansa. Ita tana zargin surukarta, ni kuma a zaune ina zarginta ita, don na ga kamar so take a ce uwar ce ta lalata yaron, ta riƙe shi a ɗakinta ɗungurungum.

Na ce a kira mini Biba. Ta zo ta durƙusa nesa, ta ja mayafi har hanci. Yaron na ganinta ya yunƙura, Hajiya ta riƙe shi. Ita kuwa Biba ko kallon inda yake ba ta yi ba. Na ce, "Biba, yaron nan yana yi miki magana in kuna ɗaki?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba."

"Ba ki taɓa jin ya kira wani abu da sunansa ba?"

"Ban lura ba."

Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Ka ji ko? Uwar ma ta shaida."

Ku yaran yanzu da kuke ɗaukar ɗanku na fari a waya kuna nuna wa duniya, ba za ku gane abin da ya faru a nan ba. Kunyar ɗan fari ce. Mace ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, balle a gaban uwar miji. Mu Hausawa muna yi, amma na Fulani ya ninka namu. Da Biba za ta buɗe baki ta ce ɗanta yana magana, ta nuna ke nan tana zama tana hira da shi, kuma da ta yi haka gara a yanka ta. Ina kallon hannunta, ta damƙe bakin zane har jijiyoyi sun tashi, amma bakinta ban sani ba yake cewa.

Na ce wa Hajiya ni dai ban ga abin yanka ba. Ta ce to shi ke nan, akwai wani wanzami a Bakori, saurayi ne, ba ya dogon bincike, gobe za ta aika a ɗauko shi a babur. Na san ko wane ne, kuma na san zai yanka.

Lawal yana gari ranar. Ya ja ni zaure, yana waige-waige kamar mai sayar da kayan sata. Shi ma kunyar ta ɗaure shi, ba zai iya tsayawa gaban uwarsa ya kare ɗan fari ba, a yi masa dariya a gari. Ya ce, "Baba Wanzam, ni nakan ji su daga waje suna surutu ita da shi, amma ba na jin Fillanci, ban san ko magana ce ko shirme ba. Ka taimake ni. Ka ɗan taɓa mashi bayan aska, ka shafa wani abu ja, Hajiya ta ga an yi, hankalinta ya kwanta. Ba wanda zai sani."

Ba zan ɓoye muku ba, dabarar ta burge ni. Yaro ya tsira, Hajiya ta gamsu, ni na riƙe gidana. Na juya ta a raina, sai na hango ƙarshenta. Yaron nan wata uku ko huɗu zai buɗe baki da Hausa, da aska ko ba aska. Ranar da ya buɗe, Hajiya za ta zaga gidan suna da gidan biki tana cewa yankan linzami ne ya yi aiki. Duk mai yaron da ya yi jinkiri a garin za ta nemi aska, kuma ba duka ne za su zo wurina a taɓa musu baya ba. Na ce, "Lawal, ƙaryar da za ta sa a yanka 'ya'yan wasu ba zan yi ta ba. Amma akwai wata ƙaryar, bari in gwada ta."

Na koma ciki na ce, "Hajiya, na amince. Amma yaron da aka riga aka yaye ba a sa masa aska sai uwar da ta haife shi ta yi masa wanka da hannunta, ita kaɗai, ba kowa a wurin. Haka na gada." Babu wannan a wanzanci, a nan take na ƙirƙira. Na ƙulla ɗan garin sabara na ce a zuba a ruwan. Hajiya ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce ita ba ta taɓa jin wannan ba wajen Babana. Na ce ba kowane sirri ake faɗa wa mai gida ba. Aka miƙa wa Biba yaron, ta karɓe shi kamar an ba ta tulun wani, ta wuce sashenta.

Da suka shige na ce, "Hajiya, taso. Daga kukan yaro a wanka ake gane inda aska za ta taɓa, kuma kunnena ya fara tsufa, ki taya ni ji." Ta taso tana gunaguni. Muka zaga ta bayan rumbunan da suka yi iyaka da sashen Biba, muka tsuguna, zana ɗaya ce tsakaninmu da su. Rana ta take, kaji na tono a gefenmu. Na tsinci ƙwayoyin masara da na dawa da suka zube a gindin rumbu na riƙe a hannu.

Da farko ba mu ji komai ba sai ƙarar ruwa a baho. Can sai Biba ta yi magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Sai yaron ya ɓalle. Wallahi kamar an buɗe bakin buhu. Ya ce ndiyam, ruwa ke nan. Ya ce nagge, yana nufin saniyar da ke turke. Ya kira ido, ya kira hanci, ya kira ƙafa, duk da Fillanci, uwar na taɓawa yana faɗa. Duk kalmar da ya faɗa ta Fillanci sai in ajiye ƙwayar dawa a ƙasa gaban Hajiya, in raɗa mata ma'anarta. Sai kaza ta gifta ya ce kaza, da Hausa. Ya ce sabulu, ya ce mota, ya ce alewa, ya ce tashi. Waɗannan na ajiye musu masara. Ruwa ma da aka zuba masa a ka ya tsorata, da Hausa ya kira shi, ashe wannan sunansa biyu ya sani. Kafin a gama cuɗa shi, masara ta haura goma, dawa ta ninka ta.

Idon Hajiya na kan ƙwayoyin. Sai muka ji uwar ta tambaye shi abin da yake ci a can. Ya ce, "Kaka, kosam babu." Hajiya ta ji sunanta ta zungure ni. Na raɗa mata cewa kosam nonon shanu ne, ƙararta yake kaiwa, wai ɗakinta ba nono. Na tabbata yaron ya sha roƙonta kosam ɗin nan cikin mako ukun, tana cewa gwalan-gwalan ne.

Da a nan abin ya tsaya, da na ci riba. Amma sai muryar Biba ta fara rawa. Ta ce masa, da yarensu, in mai aska ya ce ya buɗe baki ya buɗe, kada ya yi kuka, zafin kaɗan ne. Sannan ta kira shi da sunansa. Sadiku, ta ce, Sadikuna, har sau uku, tana kuka. Wannan ba ya bukatar fassara. Hajiya ta motsa, ta taka busasshen kara, ya yi ƙara. Biba ta leƙo ta saman zana, ta ga uwar mijinta da wanzamin gida a tsugune. Ta yi wata 'yar ƙara, ta ja zane ta rufe kanta, ta ruga ɗaki ta bar yaron cikin baho. A lokacin na gane abin da na yi mata. Na tsirar da harshen ɗanta, amma na tsiraita ta a gaban wadda ta fi jin kunya a duniya, kuma ban nemi izininta ba. Kunya ta kama ni ni ma, har na rasa inda zan sa idona.

Hajiya ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta shiga ta ɗauko yaron da kanta ta naɗe shi a mayafinta. Ta fito ta tsaya a kaina. Na zaci za ta ce na yi gaskiya. Ta ce, "Wanzam, da furfurata ka sa ni laɓe a gidana kamar ɓarauniya. Ka yi mani ƙarya da sunan ubanka. Ɗauki zabirarka. Gidan nan ya gama aski da ku."

Na ce, "Hajiya, na ji, laifina ne. Amma na Bakori fa?"

Ta ce, "Wannan kuma ba ruwanka." Ta juya ta shige.

Haka na fito. Gidan da muka yi wa aski kaka da kakanni ya fita hannuna a wuni ɗaya, kuma ban ma san ko na tsirar da yaron ba. Wannan ne ya fi cina. Duk babur ɗin da na ga ya nufi garin da mutum mai rataye da jaka, sai in bi shi da ido. Na tambayi masu zuwa kasuwa daga can, kowa ya ce bai ji komai ba, ni kuma ban yarda da bai ji komai ba na mutane. Aka yi haihuwa a gidan bayan wata biyu, na ji wanzamin Bakori ne ya yi askin suna. Na ce shi ke nan, tunda ya shiga gidan, ai an miƙa masa yaron.

Ana cikin haka wata mai tallan nono da ban sani ba ta yi sallama a gidana, ta ajiye ƙwarya da curin man shanu, ta ce an ce ta kawo. Asabe ta ce in ji wa? Ta ce ita dai an ce ta kawo. Na hana kowa taɓawa. Mutumin da aka kora daga gida, a aiko masa da man shanu ba suna? Na gutsura na ba kyanwa, na zauna ina kallonta har la'asar. Kyanwa ta yi barcinta ta tashi tana neman ƙari. Asabe ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Malam, kai da ka san Fulani, wa kake jira ya zo ya ce maka na gode a kan ɗan fari?" Har yau man nan yakan zo lokaci-lokaci, kuma har yau in Biba ta hango ni a hanya sai ta sauya hanya. Ba ta taɓa yi mini magana ba tun ranar.

Amma man shanu bai gaya mini abin da nake son sani ba. Ana iya gode wa mutum don ya yi ƙoƙari, ko da ƙoƙarin bai yi amfani ba.

Sai bayan kaka, ranar kasuwar Dayi, ina zaune a rumfata ina yi wa wani tsoho ƙaho, Lawal ya tsaya da babur, yaron na zaune a kan tanki. Ya sauke shi ya ce, "Gai da Baba." Yaron ya ce, "Ina wuni." Ya nuna ƙahon da ke bayan tsohon ya ce, "Mene ne wannan?" Ya hango shanu ana korawa kara, inda ake cinikin dabbobi, ya juya ya faɗi wata doguwar magana da Fillanci wadda ni ma ban kama rabinta ba. Lawal ya ce ai yanzu sai an ce ya yi shiru, kuma Hajiya kullum sai ta sa an sayo nono, in ya faɗi abin da ba ta gane ba takan aika a tambayo mata a sashen Biba. Ya ƙara da cewa ba ta bari kowa ya taɓa bakin yaron ba.

Na ce to, madalla. Amma ni ɗan Babana ne, ba na yarda da wanda ya kawo labari, ko da mai daɗi ne. Kuma wanda ya taɓa ba ni shawarar bayan aska, zai iya gaya mini abin da nake son ji. Na bar tsohon da ƙaho a baya, na jawo zabira, na fito da kwalbar zuma. Na ɗiga a leɓen yaron na sama, na tsuguna daidai bakinsa inda rana ke haskawa. Ya ɗaga harshe ya lasa.

Na duba ƙarƙashin sosai, na sa ya ƙara lasa na sake dubawa. Tantanin na nan yadda Allah ya halicce shi, babu tabo.